Tambayoyin Masu Karatu: Takardun balaguro a jirgin ruwa, a waya za a adana su ko a takarda?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗanmu da ke aiki a waje ya biya mana kuɗin balaguron mako ɗaya a jirgin ruwa na yawon buɗe ido, ni da maigidana. Jirgin zai tashi daga Barselona a Sifaniya, ya tsaya a Marsey ta Faransa, da Jenowa da Palermo a Italiya, da kuma Tunis, sannan ya dawo Barselona. Ɗan namu ya ce zamani ya wuce na yawo da tarin takardu, komai yana waya. Maigida kuma ya ce shi bai yarda da abin da ba zai riƙe a hannunsa ba. Wanne ne daidai, kuma waɗanne takardu ya kamata mu tanada? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Maigida ya fi kusa da gaskiya, duk da cewa ɗanku bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Takarda da waya ba aiki ɗaya suke yi ba. Takardar asali ita ce jami'an shige da fice ke karɓa, wayar kuma ita ce abin da za ta cece ku idan takardar ta ɓace ko ta jiƙe. Hoton fasfo a waya, komai kyansa, ba zai shigar da mutum jirgi ba, kuma ba zai tsallakar da shi iyakar wata ƙasa ba.

Amma kafin maganar inda za a adana takardu, akwai abin da ya fi ta muhimmanci a cikin wasiƙarki, wato Tunis. Sifaniya da Faransa da Italiya duk suna cikin yankin Shengen, inda biza ɗaya ke wadatar da matafiyi, amma Tunisiya ba ta ciki. Da zarar jirgin ya tsaya a Tunis, a idon hukuma kun fita daga yankin, kuma dawowarku Barselona shiga ce ta biyu. Saboda haka bizar da ta ba da izinin shiga sau ɗaya ba za ta yi muku ba, dole ne ta zama mai izinin shiga fiye da sau ɗaya. Ana rubuta wannan a jikin bizar, a gurbin adadin shiga, kuma ya kamata ku duba tun ranar da aka dawo muku da fasfo. Kada ku dogara da cewa ba za ku sauka a Tunis ba, domin kamfanonin jiragen suna duba takardun dukkan tashoshin da ke kan hanya tun a Barselona, kuma wanda takardunsa ba su cika ba ana hana shi shiga, galibi ba tare da an mayar masa da kuɗinsa ba. Ku rubuta wa kamfanin ku tambaye shi abin da Tunisiya ke buƙata daga mai fasfon Najeriya da ya zo ta jirgin ruwa, ku kuma nemi amsar a rubuce, ku buga ta ku haɗa da sauran takardunku.

Ana neman bizar Shengen ne a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, idan kuwa kwanakin sun yi daidai, sai a nema a ƙasar da za a fara shiga. Ana iya gabatar da buƙata tun watanni 6 kafin tafiya, kuma tun watan Yunin 2024 kuɗin bizar babba yuro 90 ne, ban da na ofishin da ke karɓar takardun. Ba a fafe gora ranar tafiya, musamman ga wanda zai jira a ba shi ranar ganawa a Abuja ko Legas a lokacin da kowa ke neman zuwa hutu. Dokar yankin ta ce fasfo ya kasance yana da sauran aƙalla watanni 3 bayan ranar barin yankin, da shafuka biyu da ba a buga komai a kansu ba, sai dai yawancin kamfanonin jiragen ruwa suna neman watanni 6, kuma sharaɗin kamfanin za ku bi tunda shi ne mai tsauri. Haka nan ba a ba da bizar sai da inshorar lafiya ta tafiya wadda ta kai yuro 30,000. A nan ina ba ku shawara ku karanta takardar inshorar da kyau, ku tabbatar ta haɗa da jinya a cikin jirgin ruwa da kuma ƙasar Tunisiya, domin asibitin cikin jirgi ba kyauta ba ne, kuma inshorar da aka saya don biza kawai sau da yawa iyakarta yankin Shengen.

Abu na biyu shi ne suna, kuma wannan matsala ce da ta fi damun mutanenmu. Mutum ɗaya sai ka tarar da shi Muhammad a fasfo, Mohammed a tikiti, Muhammadu a katin rigakafi. Mata kuma sau da yawa fasfonsu na ɗauke da sunan mahaifi, alhali wanda ya yi musu rajista ya rubuta sunan miji saboda da shi aka san su. Tunda ɗanku ne ya yi rajistar daga nesa, ki buɗe fasfonki da na maigida, ki gwada kowane harafi da abin da ke jikin takardar kamfanin jirgin ruwa da tikitin jirgin sama. Gyara a yanzu aikin saƙo ɗaya ne, amma gyara a bakin tasha, ana layi a bayanku, ba kowane ma'aikaci ke da ikon yin sa ba.

Katin rigakafin cutar shawara, wanda aka fi sani da yalo kad, shi ma ya kasance tare da fasfo, domin ana iya tambayarsa a filin jirgin sama a fita da kuma dawowa. Allurar tana fara aiki a hukumance kwanaki 10 bayan an yi ta, kuma tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa shaidar allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Wanda yake da tsohon kati ya je ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa ya tabbatar da cewa nasa irin sabon katin ne da ake iya tantancewa ta intanet.

Yanzu ga yadda nake ganin ya dace a tsara su. Ku sami jakar takardu ƙarama mai zif wadda ruwa ba ya shiga, guda ɗaya kawai, ku sa takardun asali a cikinta bisa jerin yadda za a buƙace su: fasfo da yalo kad da tikitin jirgin sama a gaba, sai takardar masaukin da za ku kwana a Barselona, sai takardar shiga jirgin ruwa, sannan inshora da takardar likita idan ɗayanku na shan magani kullum. Ana samun takardar shiga jirgin ne bayan an kammala rajista ta intanet makonni kaɗan kafin tafiya, inda ake shigar da bayanan fasfo da hoto, a kuma zaɓi lokacin isowa tasha. Ko da manhajar kamfanin tana nuna ta, ku buga ta a takarda. Haka ma takardun shaidar kaya masu ɗauke da lambar ɗakinku, waɗanda ake naɗewa a maƙala a hannun kowane akwati. Ku buga su tun a Kaduna, amma kada ku maƙala su sai safiyar shiga jirgin ruwa, don kada su yage a filin jirgin sama.

Wannan jaka ba ta shiga babban akwati ko da wasa. A bakin tashar jiragen ruwa 'yan dako ne ke karɓar manyan akwatuna tun kafin a shiga zauren tantancewa, kuma ba za ku sake ganinsu ba sai bayan sa'o'i, a ƙofar ɗakinku. Wanda ya manta fasfonsa a cikin akwati zai tsaya a waje yana jira a lalubo shi cikin dubban kaya. Haka abin yake a daren ƙarshe, lokacin da ake fitar da akwatuna ƙofar ɗaki kafin a kwanta: fasfo da magani da tufafin safe su kwana tare da ku.

Sai ku yi kwafi biyu na shafin fasfo mai hoto da na biza da na inshora. Ki riƙe kwafin maigida, shi ma ya riƙe naki, ɗayan kuma a bar shi a gida wurin wanda kuka amince da shi. A nan ne shawarar ɗanku ke da amfani, amma da sharaɗi. Takardar da ke cikin imel ko WhatsApp wadda ba a sauke ba, tamkar babu ita ce a tsakiyar teku. Intanet ɗin cikin jirgi na kuɗi ne kuma yana da tsada, layin waya kuma idan ya kama na'urar sadarwar jirgin yana cinye kuɗi cikin ɗan lokaci, shi ya sa matafiya ke kashe layi da zarar an bar tasha. Ga kuma matsalar lambar sirri da banki ko imel ke turowa ta saƙon waya, wadda ba lalle ta iso layin Najeriya a can ba. Don haka a sauke kowace takarda a cikin wayar kanta, a wayoyinku biyu, a tara su wuri ɗaya, sannan ku gwada buɗe su bayan kun kashe data tun kuna gida. Wayar da ke ɗauke da hoton fasfo kuma dole ta kasance da makulli, domin Barselona da sauran biranen yawon buɗe ido ba su rasa masu yankan aljihu.

Bayan kun shiga, za a ba kowannenku katin jirgi, wanda shi ne mabuɗin ɗaki, shi ne shaidar fita da dawowa a kowace tasha, kuma da shi ake sayen komai a ciki, bayan an haɗa shi da katin banki ko an ajiye kuɗi hannu. A wasu hanyoyin, musamman masu fita daga Shengen irin taku, jirgin kan karɓi fasfon wasu matafiya ya ajiye domin jami'an tasha su tantance su gaba ɗaya. Wanda ya taɓa zuwa aikin Hajji ya san irin wannan, kuma ba abin tsoro ba ne, amma ku karɓi rasit ku adana. Idan fasfon yana hannunku, ku bi sanarwar da jirgin ke bayarwa kowace yamma game da tashar gobe: inda aka ce a fita da shi a fita da shi, inda ba a buƙata kuma a bar shi a akwatin ƙarfe mai kulle da ke ɗaki, a fita da kwafi da katin jirgi. A cikin wannan sanarwa akwai lokacin da dole kowa ya dawo, wanda galibi rabin sa'a ne kafin tashi, da lambar wayar wakilin jirgin a wannan tasha. Ku ɗauki hoton shafin, ku kuma rubuta lambar a takarda, domin jirgi ba ya jiran wanda ya makara, kuma wakilin ne ake bar wa fasfon wanda aka bari a baya.

Idan, Allah ya kiyaye, fasfo ya ɓace a wani gari, a fara da kai rahoto ga 'yan sanda a karɓi takardarsu, a sanar da jirgin, sannan a tuntuɓi ofishin jakadancin Najeriya a Madrid ko Paris ko Rum. Abin da suke bayarwa takardar tafiya ce ta gaggawa, wadda amfaninta komawa gida ne kawai. Kwafin fasfo da hotunan fasfo biyu a jaka suna sauƙaƙa wannan aiki sosai. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

Tambaya: Ina so in tafi irin wannan balaguro da jikana ɗan shekara 9, iyayensa ba za su je ba. Fasfonsa da bizarsa sun isa? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Alhaji, ba su isa ba. Yaron da ke tafiya ba tare da iyayensa ba yana buƙatar takardar amincewa wadda uwa da uba suka sa wa hannu, aka kuma tabbatar da ita a gaban lauya mai hatimi ko a kotu. Ta ƙunshi sunanka da lambar fasfonka, da ranakun tafiya, da ƙasashen da za a bi, da izinin a yi wa yaron magani idan bukata ta taso. A haɗa ta da kwafin fasfo ko katin shaidar iyayen, da takardar haihuwar yaron daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Ofishin biza zai nemi waɗannan tun da farko, amma kada ka ɗauka aikinsu ya ƙare a nan, domin jami'an shige da fice a filin jirgin sama da ma'aikatan tashar jiragen ruwa suna iya sake tambaya, kuma takardar asali mai sa hannu suke son gani. Kamfanoni da yawa suna da fom nasu na musamman don yara, saboda haka ka nema tun lokacin rajista, iyayen su cike shi tare da waccan takardar a zama ɗaya.