Kewaye furanni da bishiya da bulo: me ya kamata a kiyaye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da fangalin furanni a jikin katanga da bishiyar mangwaro a tsakar gidana da ke Gwammaja, amma duk damina ruwa yana kwashe ƙasar. Magini ya ce zai kewaye su da bulo, ya kuma dabe gindin bishiyar da siminti. Shin hakan daidai ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kewayewar daidai ce, amma ina roƙonki kada ki yarda a dabe gindin mangwaron. Ƙananan saiwoyin da ke shan ruwa da iska suna kusa da saman ƙasa, kuma idan siminti ya rufe su bishiyar takan raunana sannu a hankali, sannan manyan saiwoyin su ɗaga daɓen su fasa shi. A bar tazarar aƙalla mita 1 daga jikin bishiyar ta kowane gefe, kuma kada a tula ƙasa har ta binne gindin, domin danshi yana ruɓar da ɓawo. Gwamma a baza busasshen ganye a ciki, a janye shi kaɗan daga jikin itacen.

Game da fangalin, ban ba da shawarar katako ba saboda gara, ita kuma roba zafin bazararmu yana busar da ita har ta tsattsage. Jan bulo ko bulon siminti mai inci 6 ya fi ƙarko. A ja igiya a fitar da layi, a haƙa rami mai zurfin kamar santimita 10, a zuba yashi a daddanne, sannan a jera bulon da kwaɓin siminti kwano 1 a yashi kwano 6, a riƙa yayyafa masa ruwa na 'yan kwanaki.

Abin da magina suka fi mantawa shi ne mafitar ruwa. A bar ƴar kafa tsakanin bulo biyu a kowace mita, in ba haka ba ruwan Agusta zai kwanta a ciki ya kashe furannin. Haka kuma kada ƙasar fangalin ta hau jikin katanga, don danshi zai ci fenti da filasta. A gama aikin a Afrilu ko Mayu, kafin damina ta kankama.