Abin da motar sayar da abinci ke ci bayan an saye ta

Ka tambaye ni abu biyu, ɗana. Na farko, in ka sayi bas ɗin da ka gani ka kai wa masu walda suka mayar da ita kicin, nawa za ta riƙa ci a wata kafin ka ce ka samu riba. Na biyu, ko takardar inshora ta naira 15,000 da ake nuna wa 'yan sanda a hanya ba ta wadatar ba. Na ji daɗi da ka yi tambayar tun kuɗin suna hannunka. Yawancin yaran da ke barin iyayen gidansu sai sun zuba jarin kaf a jikin mota sannan su dawo da wannan tambayar, lokacin babu sauran abin juyawa.

Kuɗin sayen motar sau ɗaya ake biya, shi ya sa yake cika ido, amma ba shi ke karya mai wannan sana'a ba. Motar abinci kamar doki take, ko an hau ko ba a hau ba sai ta ci.

Cefane ka san shi, kai kake zuwa kasuwannin Dei-Dei da Utako, ba sai na faɗa maka kuɗin nama da shinkafa da man gyaɗa ba. Abin da nake so ka lura da shi shi ne ba abin da ka sayo kake sayarwa ba. Naman da ka auna a mahauta, in an cire kitse da jijiya aka gasa, ya ragu sosai. Kabeji yana yaushi, burodin shawarma yana bushewa, tumatir kuwa da damina ta kankama kwando yana iya ninka kuɗinsa, ga shi ba ka isa ka ninka wa mai saye kuɗin faranti ba. Sai kwantai. A shago ana iya tura ragowar abinci firiza a kwana lafiya. A mota, da ka kashe janareta sanyi ya fara tafiya, abin da ya rage sai dai yara su ci ko a bayar. Saboda haka in za ka yi lissafin faranti ɗaya, ka yi shi a kan abin da ya shiga hannun mai saye, ka haɗa da robar zubawa da cokali da leda da tishu. Waɗannan ƙananan kayan ne ba a rubutawa, kuma a ƙarshen wata sukan kai albashin yaro guda.

Sai mai. Inji biyu kake ciyarwa, na mota da na janareta, kuma na janaretan ya fi ci, don motar tafiyar minti ashirin take yi ta tsaya, shi kuwa tun la'asar yake kuka har tsakar dare. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a nan Abuja. Zuwa Oktoban 2024 ta haura 1,000. Duk wanda ya tsara sana'arsa a kan tsohon farashi ya ji a jikinsa, wasu ma sun ajiye motocin. Shi ya sa nake ba ka shawara ka rage kayan da ke jan wuta tun wajen ƙira. Abin da gas zai iya yi, kada ka ɗora wa janareta. Fitilu su zama na batir ko na sola, firiza ta daskare a gida da wutar gari, janareta ya zama na riƙe sanyi kawai.

Wurin tsayawa ma kuɗi ne, kuma shi ne abin da sababbin shiga suka fi rainawa. Mutum yana ganin tunda yana da taya huɗu ya tsira daga kuɗin haya. Bai tsira ba. A Abuja ba ka isa ka faka a gefen titi a Wuse 2 ko Gwarinpa ka buɗe taga ka kama ciniki ba, 'yan hukumar kula da muhalli ta AEPB za su zo, kuma in suka ja motar ka yi asarar kwanakin ciniki ban da tara. Dole ka shirya da mai filaza ko mai lambu ko mai wurin wankin mota, ka biya shi wata-wata, a rubuce. Ga rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ga gwajin lafiyar masu taɓa abinci da duba-gari ke tambaya, ga kuɗaɗen ƙaramar hukumar AMAC, har da na tallan da ka rubuta a jikin mota, ga takardun motar kanta na ofishin duba motoci na VIO duk shekara. Kowanne ka biya, ka karɓi rasit ka ajiye kwafinsa a cikin mota. Wanda ba shi da rasit yakan biya abu ɗaya sau uku.

Akwai kuma kuɗin da ba ka gani kullum. Bas ɗin da za ka saya an ƙera ta ne don ɗaukar mutane. Kai kuwa za ka ɗora mata teburan ƙarfe, murhu, firiza, janareta, tukwanen gas da tankin ruwa, wanda in lita 200 ne to kilo 200 ke nan shi kaɗai. Wannan nauyin ba ya sauka ko da dare. Taya tana saurin cinyewa, birki da kulochi suna shan wahala, sifirin yana kwantawa. Ranar da ta kwana a garejin bakanike kuwa ba kuɗin gyara kaɗai ka rasa ba, shagon ne dungurungum ya rufe, alhali albashin yara yana tafiya, kuɗin wuri yana tafiya. Haka ranar da ruwa ya tsuge da magariba a watan Agusta, haka makon Sallah da na Kirsimeti da garin ke zama wayam kowa ya tafi gida. Don haka kada ka raba kuɗin shekara da kwana 365. Ka raba da 300 ko ƙasa da haka. A ce janaretanka na naira 600,000 ne kuma shekara biyu zai yi maka, to kullum ka yi ciniki naira 1,000 nasa ne, ka cire ka ajiye tun kafin ka ƙirga riba. Haka za ka yi wa taya, batir, firiza da injin mota. Wannan asusun ba na biki ba ne, ba na rance wa ɗan'uwa ba ne.

Yanzu maganar inshora, wadda ita na fi so ka saurara da kyau.

Takardar da kake magana a kai ita ce ta kare wanda ka yi wa ɓarna, ba ta kare ka ba. Daga 1 ga Janairu 2023 hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida, kuma in ka bugi motar wani ko ka rushe masa katanga za a biya shi har naira miliyan 3. Motar da ke ɗaukar kayan kasuwancin mai ita 20,000 ce, iyakar biyan ɓarnar dukiya miliyan 5. Tun 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka matsa a kan bincikenta. Dole ce, ka yi ta. Sai dai ka sani, in gobara ta tashi ta cinye motarka da duk abin da ke ciki, wannan takardar ba za ta ba ka ko sisi ba. Kuma in ka yanki ta motar gida don ka rage dubu biyar, alhali sana'a kake da motar, ka ba kamfani hujjar juya maka baya ranar da abu ya faru.

Wadda ke kare motar kanta daga haɗari, sata da gobara ita ce cikakkiyar inshora, kuma ƙa'idar hukumar ita ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar. A ce motarka ta miliyan 10 ce, 500,000 ke nan a shekara. Na san ƙirjinka ya buga. Amma raba shi da kwana 300, bai kai 1,700 ba a rana, kuɗin shawarma ɗaya ma bai cika ba. In sana'ar ba za ta iya ɗaukar wannan ba, to lissafinta ne bai fita ba tun farko, gara ka sani yanzu.

Wurin da mutane ke faɗawa rami shi ne wajen cike takarda. Ana tambayar mutum me yake da motar, sai ya ce bas ce ta ɗaukar kaya, ya ɓoye cewa akwai murhu da tukwanen gas a ciki, wai kada a tsawwala masa. Ranar da wuta ta tashi, mai binciken kamfani zai zo ya ga murhun da idonsa, a ce ka ɓoye gaskiya, yarjejeniya ta warware. Ka faɗa musu komai, su zo su duba, su ɗauki hoto, a rubuta a takarda cewa kicin ce da ake girki da gas. Sannan ka tambaya a fili ko kayan kicin ɗin suna ciki, don sau da yawa inshorar mota jikin mota kawai ta sani. Firiza, janareta, injin gasa shawarma da aikin walda sai an jera su da kuɗinsu, ko a yi musu tasu takardar ta gobara da sata daban. Kada kuma ka rage darajarsu. In kayan na miliyan 6 ne ka ce na miliyan 3, aka yi ɓarnar miliyan 2, miliyan 1 za su ba ka, don rabin kayan ka biya wa. Ka kuma tambayi kason farko na asara da ake bar wa mai kaya ya ɗauka da kansa, kowace takarda tana da shi.

Akwai abin da ya fi motar tsada, shi ne mutane. Mota tana tsaye, man suya ya fantsama wa yaron mai saye, ko rumfar taga ta faɗo wa wani, ko mayonis ya lalace da zafin Maris mutum goma suka kwana a asibiti. Babu ɗaya cikin waɗannan da inshorar mota ta sani, tunda ba haɗarin hanya ba ne. Suna da tasu inshorar, ta ɗaukar alhakin jama'a da ta abincin da ka sayar. Manyan wuraren biki da baje koli, inda cinikin kwana biyu ke fin na mako, wasunsu ma sukan nemi ganinta kafin su ba ka wuri. Yaranka kuma, waɗanda ke tsaye gaban wuta awa takwas, akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, inda mai aiki ke zuba kashi 1 cikin ɗari na albashinsu a asusun NSITF, hukumar da ke biyan diyyar. 'Ya'yan mutane ne aka ba ka amana, kamar yadda aka ba ni kai.

Na san abin da ke ranka game da halaccin inshora a Musulunci, don na ji ka kuna maganar da abokanka. Akwai takaful, wanda aka tsara bisa shari'a: kowa yana zuba nasa a asusu ɗaya da niyyar taimakon juna, wanda masifa ta faɗa wa a biya shi daga ciki, ba a juya kuɗin a harkar ruwa, in an samu rara kuma a raba wa waɗanda suka zuba. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa tun 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi irin su Jaiz Takaful, Noor Takaful da Salam Takaful. Je ka zauna da su, ka kuma tambayi malaminka, zuciyarka ta kwanta.

Ko da wa za ka yi, kada ka karɓi takarda a hannun yaran da ke tare mutane a bakin ofishin lasisi. Ta bogi ta cika gari. Da ka biya, ka sa lambar motarka a shafin intanet na NIID, inda ake tantance inshorar mota, ka ga ko sunanka da na kamfanin sun fito. Kuma doka ta ce wanda bai biya ba ba shi da kariya, saboda haka ranar da takarda ta ƙare, ko da kwana ɗaya ne, kai kaɗai ne a fili. Ba a fafe gora ranar tafiya. In abu ya faru, ka sanar da kamfani nan take, ka ɗauki hoto kafin a taɓa komai, ka samo rahoton 'yan sanda ko na 'yan kwana-kwana, ka fito da rasit ɗin kayanka. In sun yi ta ja maka rai ba dalili, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi.

Duk da haka inshora kuɗi take mayarwa, ba ta mayar da fatar da ta ƙone. Gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwantawa, don haka ka sa mai walda ya yi wa tukwanen ɗakinsu daban mai buɗewa ta waje, da hudar iska a ƙasa. Janareta ya yi nesa da su, kuma ba a zuba masa mai yana aiki. Tiyo da regileta ka gwada su da ruwan sabulu duk lokacin da aka canza tukunya, in tiyon ya fara tsagewa ka yar. Tukunyar kashe gobara ta zauna kusa da ƙofa inda hannu ke kaiwa, da bargon kashe wuta kusa da kaskon suya, kuma kowane yaro ya san ba a watsa wa wutar mai ruwa.

Bas ɗin nan da ka ƙwallafa rai a kanta, in sayenta da ƙirarta za su cinye duk abin da ka tara, ban goyi baya ba. Nemi wadda ba ta kai ta kyau ba amma injinta lafiyayye ne, yadda za ka rage kuɗin inshorar shekara guda da na tafiyar da sana'a na wata uku a gefe, don watannin farko mutane ba su san tagarka ba tukuna. Kafin ka ba da ko kafin alƙalami, ɗauki bakanikenmu ya duba ta, ka rubuta duk kayan da za ka sa a ciki da kuɗinsu, ka kai wa kamfani biyu ko uku su ba ka farashi a rubuce. Ka kawo min takardun ranar Lahadi bayan mun rufe, mu zauna da littafi mu ga faranti nawa za ka sayar a rana kafin ka fara cin naka.