Aikin gida kan rijiyar Kusugu: me ya sa malami ya ƙi amsar waya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a babbar sakandare a Daura. An ba mu aikin gida kan rijiyar Kusugu, na tambayi ChatGPT a wayar yayana na kwafe. Malaminmu ya mayar mini da takardar, wai daga ina na samo. Yaya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata. Wallahi malaminki gata ya yi miki. ChatGPT da ire-irensa jera kalmomi suke yi bisa rubuce-rubucen da aka horar da su a kai, kuma sukan ƙirƙiro shekara ko sunan littafin da bai taɓa wanzuwa ba, su faɗa miki babu ko ɗar. Ki riƙa sa su su fassara miki abin da ya shige miki duhu, amma kada ki kafa hujja da su.

Ki shiga Google ki rubuta "Kusugu" tsakanin alamomin zance, ki ƙara Daura, sannan filetype:pdf. Wannan zai tace miki sakamakon, ya bar takardun PDF kawai, galibi na masu bincike. Idan kin buɗe Wikipedia, ta Hausa ko ta Turanci, ki gangara can ƙasa inda aka jera madogara. Wajen nan ya fi saman amfani. Duk abin da kika ɗauka, ki rubuta sunan marubucin, shekara da shafi a bayan littafinki nan take, don gobe ba za ki tuna ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, rijiyar nan tana cikin garinku. Ki je da yayanki ki gan ta da idonki, ki tambayi masu kula da wurin. Ki zauna da kakarki ta ba ki labarin Bayajidda da macijiya Sarki, wadda ba ta barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, da auren Daurama. A rubutunki ki nuna cewa wannan tarihin baka ne, ki ware shi da abin da masana suka rubuta. Daga nan ki leƙa laburaren makarantarku, ki gaya wa mai kula da shi ainihin abin da kike nema. Idan ya miƙo miki littafin tarihi, ki duba jerin kalmomin da ke shafukan ƙarshe, ki nemi Daura.

Tambaya: Malam, data ba ta isata karatu. Ni ɗan aji uku ne a Ƙofar Sauri, Katsina.

Amsa: Ɗana, ka sauke shafi sau ɗaya ka karanta sau goma. A Chrome ka danna ɗigo ukun nan na sama, ka taɓa kibiyar da ke kallon ƙasa, shafin zai zauna a wayarka. Manhajar Kiwix kuma tana sauke Wikipedia ta Hausa, ka karanta ba tare da intanet ba. Ka yi saukewar ranar da ka sami Wi-Fi.