Tambaya da Amsa: Wufar Mota Ta Yi Tsit, Koyil Ne Ko Waya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Wufar da ke but ɗin motata, wato babbar sifikar nan mai fitar da sauti mai nauyi, inci 12 ce, mai om 4. Kwanakin baya ta riƙa ɗauke sauti tana dawowa, musamman idan kiɗa ya yi nauyi, yanzu kuma ta yi tsit. Fitilar amfilifaya na ci, fiyus lafiya lau. An ce mini koyil ne ya ƙone, sai dai in sayi sabuwa. Haka ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka yi saurin yanke mata hukunci. Koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke motsa faifan sifika, idan ya ƙone yakan bar shaida: ƙaurin ƙuna, da ƙarar gogayya idan an danna faifan sifikar. Wannan ɗaukewa da dawowa da ka ambata ta fi kama da tsinkewar waya, kuma wayar da muka fi zargi ita ce siririyar nan mai kama da kitso da ta tashi daga tamina, wato ƙarfen da ake haɗa wayoyin sifika a kai, ta shiga faifai. Guda biyu ne. Su ke kai wuta ga koyil, kuma duk motsin da faifan ya yi suna lanƙwasa tare da shi. Sauti mai nauyin 40 Hz na nufin sau 40 suke lanƙwasa a daƙiƙa ɗaya. Yau da gobe sai sun gaji.

Fara da cire kan batirin mota na negetif. Kwance wufar daga akwati, ka riƙe sukudireba da kyau, domin maganaɗisun yakan fizge ta ta huda faifai. Kafin ka taɓa sifikar, duba wayoyin cikin akwatin, daga tamina ta bayan akwati zuwa ta sifika. Sau da yawa girgiza ce ta zare kan waya ɗaya, aikin minti biyu ke nan.

Idan waɗannan lafiya, ɗauko mitar gwajin lantarki, ka sa ta a ma'aunin om (turjiyar wutar lantarki) mafi ƙanƙanta, ka ɗora tsinkayenta a tamina biyu na sifikar. Lafiyayyar mai om 4 takan nuna tsakanin 3.2 da 3.8, ba 4 cif ba, kuma wannan ba aibi ba ne. Idan ta nuna OL, hanya ta yanke. Yanzu sa yatsu kewaye da tsakiyar faifan ka danna a hankali, idonka na kan mita. Lamba ta bayyana ta ɓace? To waya ce. Don ƙarin tabbaci, matsar da tsinkayen mita can kusa da inda wayoyin suka shiga faifai. Idan a nan aka samu om 3 da ɗoriya, koyil na da rai.

Kada ido ya yaudare ka. Wayar nan siraran zaren tagulla ne aka saƙa da zaren yadi, don haka tagullar kan tsinke a ciki alhali zaren na riƙe da ita, a gan ta kamar ba abin da ya same ta. Wurare biyu ta fi tsinkewa: dab da dalmar tamina, da bakin faifai inda gam ya riƙe ta.

Idan a gefen tamina ta tsinke kuma akwai sauran tsawo, yanke wurin da ya lalace ka sake liƙawa. Amma ka gwada tukuna: tura faifan ciki har ƙarshe, ka turo shi waje har ƙarshe. Muddin wayar ta miƙe tsaf a ɗayan biyun, ta gajarce, canja ta za a yi. Mu dai shawararmu a canja duka biyun da sabbi irinsu masu tsawo ɗaya, don wadda ba ta tsinke ba ita ma ta sha wahalar da 'yar'uwarta ta sha.

Kayan aikin ba su da yawa: ƙarfen narka dalma mai wat 30 zuwa 40, dalma 60/40 mai rozin a ciki, ƙaramin hantsaki na ƙarfe, da gam mai ɗan taushi bayan ya bushe. Kada ka yi amfani da man liƙi mai asid irin na masu gyaran famfo, zai cinye tagullar cikin 'yan watanni. Rufe ramin bayan maganaɗisu da salatif, ka share teburin aiki, domin ɓurɓushin ƙarfe ɗaya idan ya shiga ratar koyil fitar da shi aiki ne ja.

Ga inda aikin yake lalacewa a hannun mutane da yawa. Dalma idan ta narke tana bin saƙar wayar ta hau, kamar yadda mai ke bin lagwani. Duk inda ta kai, wayar ta sandare, kuma a daidai iyakar nan za ta sake karyewa. Saboda haka ka matse wayar da hantsakin kamar milimita 5 daga bakinta, shi zai sha zafin ya tare dalmar. Shafa wa bakin waya dalma kaɗan, shafa wa tamina, ka haɗa su, daƙiƙa biyu zuwa uku ka ɗaga ƙarfe. Liƙi mai kyau yana sheƙi, ba ya dunƙulewa.

Ɓangaren faifai ya fi buƙatar natsuwa. Idan akwai ɗan guntun tsohuwar waya da ya rage, liƙa sabuwar a kansa. Idan babu, sai an yanke hular tsakiyar faifan da reza a hankali, a nemo bakin wayar koyil. Tana da rufin fenti marar launi, sai an kankare shi har tagulla ta fito kafin dalma ta kama. Bayan liƙi, lulluɓe mahaɗar da gam domin nauyin motsi ya sauka a kan gam, ba a kan dalma ba. Ba wayar ɗan lanƙwasa kamar baka, yadda ba za ta taɓa faifai ko ƙyallen rawaya na ƙasa ba, in ba haka ba za ka ji "kas-kas" duk lokacin da kiɗa ya buga. Bar gam ya kwana, awa 24.

Gwajin ƙarshe da batirin rediyo mai bolt 1.5: fositif a kan jar tamina, faifan ya yunƙuro waje ba tare da ƙarar gogayya ba.

TAMBAYA: Malam, ba a iya sa wayar lantarki ta gida a madadin siririyar wayar mai kama da kitso? Na sa, mako ɗaya ta karye.

AMSA: Ai ta ma yi ƙoƙari. Wayar gida ba a yi ta don lanƙwasa dare da rana ba, tagullarta na taurara sai ta karye, kuma nauyinta na jan faifan gefe guda har koyil ya fara gogar maganaɗisu. Idan ba ka samu sabuwa ba, ciro daga wata matacciyar wufa mai girma ɗaya. Ta ƙaramar sifikar ƙofa ba za ta ɗauki wutar ba, zafi za ta yi. Wayar da ke tsakanin tamina ta akwati da sifika kuwa, wannan ba ta motsi, mai kaurin 14 ko 12 AWG (ma'aunin kaurin waya) ta wadatar.

TAMBAYA: Tawa tamina huɗu gare ta. Wayoyin sun zare a cikin akwati, na mayar, yanzu amfilifaya na kunna jar fitila ta kashe kanta.

AMSA: Taka mai koyil biyu ce, kuma da alama ka sauya haɗin. Auna kowane koyil shi kaɗai ka san om ɗinsa. Idan kowanne om 4 ne, haɗa fositif da fositif, negetif da negetif, yana ba da om 2. Idan kuwa ka haɗa negetif na ɗaya da fositif na ɗayan, ka kai ragowar biyun ga amfilifaya, om 8 ke nan. Masu om 2 biyu a haɗin farko suna sauka zuwa om 1, kuma amfilifaya da yawa ba sa jure wannan, shi ya sa take kare kanta. Duba mafi ƙarancin om da aka rubuta a jikinta ko a takardarta. Ka kuma leƙa ko wani silin waya ya ɓalle yana taɓa tamina ta kusa ko ƙarfen sifika. Kafin ka mayar da wufar cikin akwati, auna a tamina ta waje ka ga lambar da kake tsammani, sannan ka ɗaure wayoyin a jikin katako don kada girgiza ta sake zare su.