Ina Karanta Shafi Sau Uku Ban Gane Ba, In Shiga Kwas Ɗin Karatun Sauri?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a shekarar farko a kwaleji. Bayan gwajin farkon zango aka saka ni ajin gyaran karatu, har yau kunya ta hana ni gaya wa iyayena. Sai in karanta shafi ɗaya sau uku, in rufe littafin in rasa abin da zan ce na karanta. Ƙawayena sun gama babi, ni ina shafi na biyar. Da Turanci muke karatu, kuma ba da shi na tashi ba. Na ga tallar wani kwas a intanet wai zai sa mutum ya riƙa karanta kalma 1,000 a minti ɗaya. Jarrabawa ta matso, hankalina a tashe yake. In biya in shiga?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki biya, kada kuma ki shiga ko da kyauta ne. Babu tambayar da ɗalibai suka fi kawo mini kamar wannan, babu kuma wadda ta fi ɓata mini rai, domin waɗanda suka fi rauni a karatu su ne ake tatsa, su ne kuma abin ya fi yi wa illa.

Wannan kasuwa ba yau aka fara cinta ba. Tun 1959 Evelyn Wood ta buɗe makarantar karatun sauri a birnin Washington na Amurka, kuma abin da ake tallatawa a waya yau shi ne dai na wancan zamanin, riga kawai aka sauya masa. Abu uku suke cewa: ki ɗauke layi guda da kallo ɗaya, ki kashe muryar da kike ji a zuci idan kina karatu, kuma kada idonki ya koma baya. Duka ukun masu bincike sun gwada su, babu wanda ya tsaya da ƙafarsa.

Ido ba ya zamewa a kan layi. Tsalle yake yi yana tsayawa, kowace tsayawa kusan rubu'in daƙiƙa. Tsakiyar ido kaɗai ke ganin harafi tangaran, shi ya sa mai karanta Turanci yake amfana da haruffa 3 ko 4 ta hagun inda ya tsaya, da kamar 14 ko 15 ta dama, shi ke nan. Halitta ce. Wanda ya ce zai faɗaɗa miki wannan cikin mako biyu ya yi alkawarin abin da ba shi da iko a kansa.

Muryar zuci kuwa ba cuta ba ce. Ita ke riƙe miki farkon doguwar jimla har ki kai ƙarshenta. A rubutu mai nauyi, hana ta aiki rage fahimta yake yi.

Amma wanda ya fi ƙona mini rai shi ne hana komawa baya. Ƙwararrun masu karatu ma, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na tsallen idonsu baya yake yi, domin da zarar ƙwaƙwalwa ta ji ma'ana ta kuɓuce sai ta mayar da ido ya ɗauko. A 2014 Elizabeth Schotter da abokan aikinta suka gwada: da ido ya wuce kalma sai na'ura ta rufe ta, babu damar sake dubawa. Fahimtar mutanen ta ragu. To manhajojin nan masu jefo kalma ɗaya bayan ɗaya a fuskar waya, wannan rufewar ce suke sayar miki da kuɗinki. A 2016 aka wallafa babban nazarin da Keith Rayner ya jagoranta a kan wannan batu, kuma abin da suka tsaya a kai a fili yake: idan gudu ya ninka, fahimta ce ke biyan farashi. Marc Brysbaert na Jami'ar Ghent a Beljiyam ya tattara bincike 190 a 2019, ya samu cewa matsakaicin gudun manya a karatun zuci na Turancin da ba na ƙagaggen labari ba kalma 238 ne a minti. Ki gwama wannan da 1,000 ɗin da aka yi miki alkawari.

Abin da suke koyarwa a zahiri duba sama-sama ne. Yana da ranarsa, idan kina neman inda wani bayani yake a cikin littafi. Amma ba da shi ake koyon darasi ba. Ɗaliba takan gama kwas ɗin tana juya shafi da sauri, tana jin ta samu lafiya, sai ranar jarrabawa ta tarar babu komai a kanta. Daga nan ta ce ita ce daƙiƙiya, ba ta ce an yaudare ta ba. Gara wadda ta san ba ta gane ba, domin ita tana komawa ta sake. Sauri ya haifi nawa.

Jinkirinki alama ce, ba shi ne ciwon ba. Yau ɗin nan ki ɗauki shafin da ya gagare ki, ki ƙirga kalmomin da ba za ki iya faɗin ma'anarsu ba. Binciken Paul Nation na ƙasar New Zealand ya nuna cewa kafin mutum ya karanta rubutu ba tare da taimako ba, sai ya san kusan kashi 98 cikin ɗari na kalmominsa, wanda a Turanci yake buƙatar tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000 tare da rassansu. A shafi mai kalma 300, kalmomi shida ke nan da ba ki sani ba. Idan kin ƙirga talatin, ɗaya cikin kowace goma ba ki san ta ba, kuma ko sau goma kika maimaita shafin ba zai buɗe ba. Gudun ido me zai yi a nan?

Ba na nufin ki ɗauki ƙamus ki fara hadda daga harafin farko. Akwai jerin da Averil Coxhead ta fitar a 2000, tushen kalmomi 570 da ke yawo a littattafan ilimi na kowane fanni, waɗanda suke kusan kashi goma cikin ɗari na irin wannan rubutu. Kyauta ne a intanet. Daga kowane babi ki zaɓi kalmomi kaɗan da suke ta maimaituwa, ki rubuta kowace tare da jimlar da kika same ta a ciki, ki yi taki jimlar da ita, sannan ki gwada kanki gobe, da bayan kwana uku, da bayan mako. Ki ba ƙananan kalmomin haɗi muhimmanci na musamman, masu ma'anar "amma", "duk da haka", "saboda haka". Wanda ya tsallake su yakan fahimci akasin abin da marubuci yake nufi.

Sanin kalmomi rabin aikin ne; rabi na biyu shi ne sanin abin da ake magana a kai. A 1988 Donna Recht da Lauren Leslie suka ba yara 'yan makaranta rubutu kan wasan besbol. Yaran da karatunsu ke da rauni amma sun san wasan, sun fi gwanayen karatun da ba su san shi ba fahimta da tunawa. Don haka kafin ki shiga babi, ki duba kanun da ke cikinsa da taƙaitawar ƙarshe, ki nemi bayani mai sauƙi kan batun, ko da bidiyo ne, ko da a harshenki ne. Wannan ba ha'inci ba ne, share fage ne.

Sai yadda za ki karanta. Maimakon sau uku a jere, karanta sashe ɗaya a hankali, rufe littafin, ki faɗi abin da ya ce da bakinki, da Hausa ma ya yi. Inda kika kakare, nan ne gurbin da za ki koma. Nazarin John Dunlosky da abokansa na 2013 ya sanya maimaita karatu da shafa wa layuka launi cikin dabaru masu ƙarancin amfani, ya sanya gwada kai da rarraba bita a sama. Hanyar tana da wahala, kuma da farko za ki ji kamar ba kya ci gaba. Ki daure. A gefe guda ki riƙa karanta abu mai sauƙi da kike jin daɗinsa kullum, ko na minti ashirin ne. Daga nan gudun gaskiya yake zuwa da kansa, idan kalmomi suka zama 'yan gida.

Ajin gyaran karatu ba abin kunya ba ne, ki gaya wa iyayenki. Kunyar tana kan makarantun da ke yanke wa ɗalibi hukunci da gwaji ɗaya tak, su tara masu matsaloli daban-daban a ɗaki guda, su raba musu takardun cike gurbi da ba su da alaƙa da abin da suke karantawa. Idan naku haka yake, ki ɗauki ainihin littafin darasinki ki kai wa malamin, ki roƙe shi ku bi sashe ɗaya tare, kina karantawa kina faɗin abin da kika gane.

Abu biyu ne ba zan iya tantancewa daga wasiƙa ba. Idan rubutu yana yi miki dishi-dishi ko kanki yana ciwo bayan ɗan karatu, ki ga likitan ido. Idan kuma tun kina ƙarama kina tuntuɓe a kan kalmomin da kika sani sarai, kina fama da haɗa haruffa ko a harshenki, amma kina gane darasi nan take idan an karanta miki, ki nemi a yi miki gwajin disleksiya, wato larurar da ke wahalar da mutum wajen karanta rubutu, a ofishin kula da ɗalibai, kafin jarrabawa, domin makarantu da dama suna ba masu ita ƙarin lokaci.