Amsar Gwaggo ga Mai Sunan Malam Kan Zaman Jinya

Mai sunan Malam, saƙonka ya iso. Ƙanwarka ta karanta mini bayan la'asar, na ce ta sake karantawa. Da farko murmushi na yi, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Wai kana tambaya, zaman jinyar da dangi suke yi a asibiti addini ne ko al'ada ce kawai? Tunda Babanku ya shiga wata na uku a kwance a Katsina, kowa kuma da hidimar gabansa, me zai hana a ɗauki yaro a riƙa biyansa duk wata, kai kuma ka riƙa turo kuɗi daga Abuja? Ban ga laifinka ba, ɗana. Kuɗin magani da na gashin ƙashi duk daga aljihunka suke fita, Allah ya yi maka albarka. Amma bari in ba ka labarin kakanka Malam, wanda ka ci sunansa.

A 1973 ne, shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, shekarar da fari ya cinye amfanin gona. Malam yana dawowa daga kasuwar Mai'aduwa motarsu ta faɗi, ya karye a cinya. Aka kira maɗori nan Daura ya yi nasa, kwana ashirin ƙafa sai ƙara kumbura take. Baffa ya ce a'a, a tafi Kano. Muka bi ta Kazaure har asibitin ƙashi na Dala. Can aka rataye ƙafar da igiya, aka ɗaura mata nauyi yana lilo a ƙarshen gado, aka ce ba tashi ba juyi sai ƙashi ya kama. Ni da Inna muka sauka gidan wasu dangi a Gwammaja. Ɗakin maza ne, mace ba ta kwana, don haka Babanku, yana ɗan shekara 13, shi ya shimfiɗa tabarma a gindin gadon.

Makon farko ka ce biki ake. Mota guda ta zo daga Daura, da liman da maƙwabta da almajiran Malam, wannan da fura, wancan da goro, kowa da "sannu, Allah ya sa kaffara ne". Wata na biyu ƙafa ta fara ɗaukewa. Ban zargi kowa ba, shekara ce da magidanci yake neman abin da zai sa a tukunya. Kafin wata na huɗu sai mu uku. Inna takan ce, dubiya ta mako ce, jinya ta shekara ce. Takan kuma ce ciwo da gudu yake shiga, da rarrafe yake fita.

Wata safiya muka zo da kunun tsamiya a langa, muka tarar Malam ya juya fuska ga bango. Mun gaishe shi bai amsa ba. Kwana uku ke nan yana tura kwano baya, mu kuma mun ɗauka zazzaɓi ne. Babanku ya ja ni waje, idonsa ja wur, ya faɗa mini abin da ya faru. Cikin dare larura ta kama Malam, shi ya kawo fo, shi ya wanke shi, ya canza zanen gado. Da ya gama sai ya ji Malam yana kuka a hankali yana cewa, yau ni ne ɗan cikina yake ganin tsiraicina. Ka san kunyar da ke tsakanin uba da ɗa a gidan malamai. Ga kuma sallah. Mutumin da ya saba jan sahu, yanzu ko alwala ba ya iya yi yadda ya saba, sai yake ganin kamar ya fita daga cikin mutane.

Inna ta ajiye langar, ta jawo kujera har bakin gadon. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba a rayuwarta, ran nan ma ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Malam, kai ka karantar da almajirai a zaure ina ji daga cikin gida, cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce a yi sallah a tsaye, wanda bai iya ba a zaune, wanda bai iya ba a kwance a gefensa. Ko karatun na wasu ne? Shi kuma yaron nan da kake jin nauyinsa, bashi yake biya. In ka hana shi, ƙofar aljannarsa ka rufe masa." Ɗakin ya yi tsit, har mai gadon kusa ya daina nishi. Sai Babanku ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ɗan dutsen taimama mai santsi, wanda yake ajiye a zauren Malam a Daura. Ashe shi ya roƙi Baffa ya taho da shi. Ya ɗora a kan ƙirjin mahaifinsa. Malam ya daɗe yana kallon dutsen. Sannan ya buga tafukansa, ya shafi fuska, ya shafi hannuwa, ya kabbarta sallar walaha yana nuni da kai. Da ya sallame ya ce, ina kunun? Ni na riƙe ludayin, hannuna yana rawa.

Wata bakwai muka yi. Da aka sauke ƙafar aka fara koya masa tafiya tsakanin ƙarafa biyu, kamar yaro mai tatata, Babanku yana gabansa yana ja da baya da hannuwa a buɗe. Karatun makaranta na watannin nan duk ya wuce shi. Ban taɓa jin ya ambata ba, shi ya sa ba ku sani ba.

To wannan yaron ne yau yake kwance, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Masu gashi sun ce a riƙa juya shi duk bayan awa biyu kada gyambon kwanciya ya fito, a riƙa motsa masa yatsu da gwiwa kullum, ba sai ranar da suka zo ba. Yaron haya zai iya wannan, wataƙila ma ya fi mu iyawa. Amma jiya da na je, harshensa ya yi nauyi, ya yi ta ƙoƙarin faɗin wata kalma, sai Mamanku ce ta gane Suratul Mulk yake so a karanta masa, wadda ba ya barci sai da ita. Wa zai gaya wa baƙo wannan?

Abin da yake damuna da ku 'yan yanzu, sai mutum ya zo dubiya ya ɗauki hoton mara lafiya da robar ƙarin ruwa a hannu, ya sa a WhatsApp wai a taya shi da addu'a, kafin minti goma ya fice. Mu an hore mu da rufa wa majinyaci asiri. Ka zauna wajen kansa, ka dafa shi, ka roƙi Allah mai girma, Ubangijin Al'arshi mai girma, ya ba shi lafiya, sau bakwai. Kada ka daɗe har ka gajiyar da shi, amma gobe ka dawo. Malam yakan kawo hadisin nan da Allah zai ce wa bawa ranar alƙiyama, na yi rashin lafiya ba ka duba ni ba, sai ya ɗaga yatsa ya ce, zumunta a ƙafa take.

Maganar ɗaukar yaro kuwa, ban ce a'a ba, Mamanku ta gaji, bayanta ma ciwo yake. Sai ka zo mu zauna da ƙannenka a raba kwana. Ka nemi hutu ko na mako guda ne, ka taho da abin yanke farce da na aski, don ba ya yarda kowa ya taɓa masa gemu. Dutsen nan yana cikin adakata tun rasuwar Inna. Ranar da za ka iso ka fara biyowa ta Daura ka karɓa, da hannunka nake so ka kai masa.