Agogon Accutron yana tafiya yana tsayawa: ina matsalar take?

Tambaya: Malam, na gaji agogon Bulova Accutron samfurin 214 daga mahaifina. Wani lokaci ya yi kwana biyu yana tafiya daidai, sai kawai in duba in tarar ya tsaya. In na ɗan buga shi a tafin hannu sai ya tashi. Na sa sabon batir, babu abin da ya canza. Me ya kamata in yi?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinka. Kafin komai, don Allah ka daina buga shi. Bugun yana tashinsa, gaskiya ne, amma kowane bugu yana iya ɓata abin da da wuya a samu madadinsa yau.

Kamfanin Bulova ya fitar da wannan agogo a 1960, kuma ba ya aiki irin na agogon batir na zamani. A cikinsa akwai wani ɗan ƙarfe mai yatsu biyu da ke karkarwa sau 360 a daƙiƙa, shi ya sa in ka kara shi a kunne za ka ji yana "zuuu" maimakon "ƙas-ƙas". Wannan ƙarar ita ce babban makaminka. In ya sake tsayawa, kada ka girgiza shi. Ɗauke shi a hankali ka saurara.

Idan shiru ka ji, wuta ce ba ta kaiwa. A nan zargina na farko ba batirin ba ne, mazauninsa ne. Buɗe murfin batirin da ke baya, ka duba sifirin ɗin da ke danne shi. Shekaru suna sa ya saki, har ya zama da ka juya hannu batirin ya ɗan goce, wuta ta yanke. Duba kuma ko akwai farin gari ko kore-kore a jikin ƙarfen, alamar wani tsohon batir ya taɓa yoyo a wurin. A goge shi da tsinken auduga da ɗan sifirit, a bari ya bushe. Kada ka riƙe batir da yatsu ko da hantsakin ƙarfe, na roba ake amfani da shi. In an yi wannan duka shirun yana dawowa, to abin ya koma ga naɗin waya, wato siririyar wayar da aka nannaɗe a ciki, wadda ke sa ƙarfen nan mai yatsu biyu karkarwa. Wayar ta fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, kuma takan tsage ta riƙa haɗuwa tana rabuwa gwargwadon zafi da sanyi. Agogon da ke tafiya a hannu ya tsaya da dare a kan tebur yakan nuna haka, ko da yake busasshen mai ma yana yin irin wannan. Mai gyara ne zai auna da mitar gwada wuta ya raba gardama.

Idan kuwa ƙarar tana nan amma hannayen agogon sun tsaya, wutar lafiyarta ƙalau. Matsalar tana wurin da karkarwar ke zama juyi. Akwai wani ɗan faifai da faɗinsa bai kai milimita 3 ba, amma haƙoransa 300 ne, kuma ɗan mitsitsin dutsen yaƙutu ne ke tura shi haƙori ɗaya-ɗaya, wani kuma yana tare shi kada ya koma baya. Ƙwayar ƙura ɗaya tak ta isa ta hana dutsen kama haƙori. Haƙori biyu ko uku da suka cinye ma haka. Wurin nan ne nake roƙonka kada ka taɓa, ko da da tsinken allura. An daɗe da daina ƙera ainihin faifan, kuma ido bai iya ganin haƙoransa sai da madubin ƙara girma mai ƙarfi. Abin da za ka iya dubawa da kanka shi ne ko hannayen suna gogar juna ko gilashi. Rubuta lokacin da ya tsaya kowane karo. In kullum a wuri ɗaya ne, ka kama ɓarawon.

Sai maganar batir. An ƙera agogon ne don batirin zaiba mai bolt 1.35, wanda Amurka ta hana sayarwa a 1996. Na azurfa da ya maye gurbinsa bolt 1.55 ne. Wasu agogunan suna ɗaukarsa lafiya, wasu kuwa sai dutsen ya riƙa tsallake haƙori, agogo ya yi ta gudu. Mai gyaran da ya san aikinsa yana iya saita duwatsun su dace da sabon batirin, kuma akwai batir na musamman mai rage wutar. Ka tabbata wanda aka sa maka yana da zoben robar da ke cike masa mazauni, domin in babu shi zai riƙa yawo a ciki.

In ba a san rabon agogon da wanki ba, shi ma ya isa dalili. Sa'ad da za ka kai shi, tambayi mai gyaran ko ya taɓa saita Accutron, kuma ko yana da madubin aikin. In ya yi jim, karɓi agogonka ka nemi wani.